A Ƙofar Ɗakin Awo

Zuwa ga Tiyanjane, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, inuwar da nake gudu in fake idan rana ta take!

Ina gaisuwa, amma hankalina ba a kwance yake ba. Tun ranar da Malama Nyirenda ta karanta bincikena a gaban aji, ba ki ƙara ɗaga ido kin dube ni ba. In na shigo ɗakin cin abinci, sai ki sunkuya kan tuwonki na nsima kamar a ciki aka rubuta jarrabawa. Haba Tiya! Fushi ne, ko kunya, ko kuwa kin gama da ni ne?

Kin san abin da ya faru, amma bari ki ji daga bakina. Cewa aka yi in gano mutum nawa ke kwana cikin gidan sauro a garin nan. Gari guda fa, da kasuwarsa da unguwanninsa! Ni kuwa na kwashi tambayoyina na je na kafe a ƙofar ɗakin awon masu ciki, don can makaranta ta tura ki koyon aiki. Kin tuna? Kika fito cikin fararen kayanki, kika miƙo mini rabin gasasshiyar masararki, kina cewa, "Malam mai bincike, anya nan aka ce ka tsaya?" Na ji ki sarai, amma murmushin ya fi maganar ƙarfi. Duk matar da ta fito ta ƙofar nan, da sabon gidan sauro a hammatarta, kyautar asibiti. Na tambaye su, kowace ta ce e. Na haɗa lissafi ya ba ni ɗari bisa ɗari, har ina murna!

Malama ta cire tabarau ta ce, "Limbikani, sannu da aiki, ka kori zazzaɓi daga Zomba kai kaɗai. Sai dai garin naka ba namiji, ba tsohuwa, ba yaro. Wa ka je gani a ƙofar nan?" Aji ya kwashe da dariya, idanu suka juyo kanki. Faɗuwar ba ta ƙona ni kamar wannan kallon da na jawo miki ba. Ki yafe mini, farin watana.

Malama ta ce in sake binciken. Yanzu ƙuri'a ce ke zaɓar mini gidaje, zuciyata ba ta da ta cewa. Ƙuri'ar ta jefa ni bayan dutse, karnuka sun kore ni, takalmina ya rabu biyu. Wani tsoho ya nuna mini gidan sauronsa a lulluɓe kan irin tumatir, ya ce kaji sun fi sauro ɓarna. Adadin da na samu bai yi kyau ba ko kaɗan, amma na gaskiya ne. Sai dai lissafin, wayyo! Nakan fitar da matsakaici, in sake, ya fito daban. Wa zai zauna kusa da ni ya ce, "A hankali, sake duba layin nan," in ba ke ba?

Ranar Juma'a zan tsaya gaban Malama in kare aikin, kuma ba wata dama bayan wannan. In na faɗi, zan maimaita shekara, ke kuwa ki karɓi takardarki a tura ki can nesa, Karonga ko Nsanje, inda wani mai kan lissafi zai riƙa raka ki gida. Tsoro nake ji, Tiyanjane, ba zan ɓoye miki ba.

Abu ɗaya nake roƙo: ki tsaya a gindin matakalar ofishin Malama ranar nan. In na sauko ina dariya, kallo ɗaya ya ishe ni, ki wuce abinki. In kuwa na sauko kaina a ƙasa, don Allah kada ki juya mini baya.

Naki ne ni, ko na ci ko na faɗi, har ranar da numfashi zai bar ƙirjina,
Limbikani