Gonar da Ta Bi Ruwa

Dala, Maiduguri.

Zuwa ga Ya Uwais,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma masu tsaronka ba sa takura maka. Hajja na gaishe ka, ita ta ɗaure kilishin da direba zai ba ka.

Tun da labari ya iso cewa jandarmomi, wato jami'an tsaron Kamaru, sun kama ka kan zargin sarar saniyar wani makiyayi a gonarmu ta bakin tafki, Baba bai zauna ba. Ya ce kai ɗan Najeriya ne, mai saniyar ma haka, Bulama, mai garin da ya yanka mana gonar, namu ne, to me ya kawo Kamaru ciki? Ya rantse sai alƙalin Maiduguri ya sa an dawo da kai. Maƙwabtanka biyu da kuka fita kamun kifi tare a ranar da abin ya faru sun ce za su yi maka shaida, amma ya hana su. Wai tsayawa gaban kotun can daidai yake da miƙa musu gonar.

Gobe zai ga lauya, ya ce in raka shi. Ka kwantar da hankalinka, gaskiya na hannunka.

Ƙanwarka,
Mu'mina.

Ya Uwais,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikinka, yaya haƙuri?

Mun ga Barista Pindar. Ya shimfiɗa taswira, ya nuna mana abin da ban taɓa tunani ba. Duk shekarar da tafki ya ja baya, mutanenmu sukan bi danshi su yi shuka. Suka tafi da sunan ƙauyen, da Bulama, da naira, har suka tsallake iyaka ba su sani ba. Ƙauye ya yi tafiya, iyaka tana inda take. Ya ce kotun nan ba ta da hurumi, wato ikon sauraron maganar, domin abin a ƙasar Kamaru ya faru. Mai gida ba ya raba faɗan da aka yi a tsakar gidan maƙwabci. Ya kuma ce shari'ar can da Faransanci ake yi, kuma alƙali da kansa yake tsananta tambaya, ba kamar nan da lauyoyi ke ja-in-ja ba. Don haka shaidu su ne ƙarfinka.

Baba ya fusata. Ya ce taswirar nan ta taɓa riƙe fartanya?

A cikin keke mai ƙafa uku, muna komawa gida, na yi abin da ban saba ba. Ka san ko a aji ba na ɗaga hannu. Kaina a sunkuye na ce masa idan shaidu ba su je ba, bakin mai saniya kaɗai alƙali zai ji. Bai tsawata mini ba. Ina da yaƙinin maganar ta shiga.

Taka,
Mu'mina.

Ya Uwais,

Ina gaishe ka da murna. Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya.

Jiya bayan la'asar Baba ya aika wa shaidunka su shirya. Hajja ta tsokane shi da maganar rantsuwarsa, ya ce zai yi kaffara. Ya ce gona ta bi ruwa ta tafi, amma ba zai bari ɗansa ya bi ta ba.

Barista ya haɗa mu da wata lauya a can, domin shi takardarsa ba ta ba shi damar tsayawa a kotunsu ba. Kotu tana da tafintanta, amma Baba ya ce yana son kunne na gida a kusa da shi. Saboda haka da ni za a zo, da Faransancin da kake yi mini dariya idan ina bitarsa a bakin murhu. Bakina ba zai gaza ba.

Ranar Litinin, idan an shigo da kai, ka dubi bencin baya. Za ka ga farar hular Baba, da ni a gefensa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Mu'mina.