Yatsu Uku na Roba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada karkataccen rubutun nan ya dame ki.

Abokin ɗakina yana da wata 'yar na'ura mai narka roba ta gina duk siffar da aka ba ta. Ba ta cike cikin abu, saƙa take yi masa, kuma saƙar nake ta gwadawa. Mai layi-layi ta tsage da na rataya mata rabin bokitin ruwa. Mai kama da raga ta yi kwana biyu. Mai kama da saƙar zuma ta ɗauki cikakken bokiti, amma jiya ta karye a gaɓa.

Yatsu nake ginawa, Yaya, guda uku, na hannun dama. Injin yankan ƙarfe na wurin aikinmu ya cinye nawa wata biyu da suka wuce. Shugaban aiki ya ce idan na iya riƙe guduma ranar Litinin in dawo, in ba haka ba su ɗauki wani.

Kada Inna ta ji. In ta tambayi abin da ya hana ni kiran bidiyo, ki ce kyamarar ce ta lalace.

A sa ni a addu'a. Gudumar ta fi bokitin nauyi.

Ƙaninki