Idon Tela

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai jego da jaririn. Yaya gwiwar taki? Ni lafiya lau, sai dai tun da kika tafi ban ci abincin da gishirinsa ya daidaita ba.

Akwai wata magana da na ji tun kafin tafiyarki, ban gaya miki ba don ban ɗauke ta a bakin komai ba. Wai idon Tela ya mutu. Telanmu na kwanar titi, wanda ya ɗinka rigar da na sa ranar da na fara zuwa gaishe da mahaifinki. Mai aski ne ya faɗa min, na yi dariya har ya kusa yanke min kunne.

To amma bayan sati mai wanki ya maimaita, sannan mai kantin magani, kowa da muryar tausayi. Daga nan surukin mai gidan da shagon Tela yake ciki, wannan mai sayar da wayoyin da ba ya rabo da murmushi, ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Baba, ku ne masu lura. Ba ka ga yadda yake kai yadi har hancinsa ba? Ni dai tausayi yake ba ni." Na ce lallai na lura.

Saboda haka yadin nan da kika bar min na kai wa sabon telan bayan kasuwa. Ba don komai ba, don kada in wahalar da tsoho.

Ki shafa min kan jaririn.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan. Wasiƙarki ta iso, faɗan da ke cikinta ma ya iso da zafinsa. Kin tambaye ni su wa suka gaya min, kuma a cikinsu wa Tela ya taɓa ɓata wa ɗinki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko mutum guda.

Mai aski ya ce shi da kansa ya lura. Da na matsa, sai ga shi mai wayoyi ne ya tambaye shi ko ya lura. Haka mai wanki, haka mai magani. Ni ina lissafin bakuna huɗu, ashe baki ɗaya ne ya zagayo ni ta ƙofa huɗu. Kuma mai wayoyin bai taɓa cewa makanta ba, ko a kotu ba za a kama shi ba. Tambaya kawai yake ajiye wa mutum, ya yabi hankalinsa, ya tafi. Shagon kwanar yake so ya zuba wayoyinsa.

Shi bai ba ni ƙyama kamar yadda na ba kaina ba. Shekara arba'in ina ganin Tela yana shinshina yadi, don da hanci yake gane wanda zai zuba a wanki. Na sani sarai! Amma da aka kira ni mai lura sai kaina ya kumbura. Tun ranar da na kai yadin wani wuri kuwa na fi kowa yaɗa zancen, don idan idonsa lafiya lau ne, to ni me na zama? Har nasiha na riƙa yi wa mutane su tausaya masa su daina kai masa aiki. Tir.

Jiya da hantsi na je ba Tela haƙuri. Na tarar an ɗaure keken ɗinkin da igiya, zai mayar da makulli ƙarshen wata. Ya ce, "Alhajin ƙarya, zauna mana, ko kujerar ma ta tsufa?" Wai da farko dariya yake yi in an kawo masa zancen. Har ranar da na wuce ta ƙofarsa da sabuwar riga, ya hango daga tsallaken titi cewa ba hannunsa ba ne. Ya ce a ransa, in har ni na guje shi, to akwai abin da kowa ke gani wanda shi ba ya gani.

Daga tsallaken titi fa, Maman yara! Na faɗa masa, na rantse, na kwashe labarin mai wayoyi kaf na zuba masa. Ya yi murmushi ya ce ya san ina son faranta masa rai ne. Yana cikin magana ya ga maɓallin wuyana yana lilo, ya ce sabon telan nan bai iya ƙulli ba. Ya zaro allura daga hularsa, ya zura zare sau ɗaya tak, ya ɗinke shi a jikina.

Rigar na cire ta, tana ƙasan akwati, ba na son ganinta. Gobe zan koma masa da yadi biyu, ban sani ba ko zai karɓa.

Ga jerin da kika nema. Na farko mai aski, sai mai wanki, sai mai magani, sai ni kaina ban san sau nawa ba. Wanda ya gaya min na ƙarshe cewa idon Tela ya mutu kuwa, Tela ne, yana cizge zaren maɓallina da haƙori.

Ki dawo da wuri.

Mijinki,
Baban yara