Ina Shan Nawa, Ina Shan Nasa

Inna Zulma, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta hana ni sakat. Wata takwas ke nan da rasuwar maigidana Ademar, kuma kullum hantsi ya yi sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku kamar na yi laifi. Likita ya ce zuciya lafiya lau, damuwa ce. 'Yata da ke Sifen ta turo mini muryar wata mai koyar da jan numfashi. Sau biyu na saurara, shirun gidan kawai ta ƙara mini.

Shekara talatin da shida shi ke zuba mana mate da safe, shayin nan namu mai ƙarfi da ake zuƙa da bututu a ƙoƙo ɗaya: ya sha, ya cika ƙoƙon, ya miƙo mini. Yanzu ni ke zubawa. In sha nawa, in cika nasa, in yi ta kallon kujerarsa, sannan in shanye don kada ya huce. Haka har filas biyu su ƙare.

Ga abin kunyar. Ranar Laraba da aka yi ruwa, maƙwabciyata Nibia ta ƙwanƙwasa ƙofa da wainar fulawa mai zafi, yadda muka saba in ana ruwa, na yi lamo kamar ba na nan. In ta shigo dole in miƙa mata ƙoƙon, alhali tun da ya tafi ba wanda ya sa wa bututunsa baki sai ni. Zuwanta na uku ke nan cikin ruwa, ina tsoron ba za a yi na huɗu ba. Kaɗaici yana cina, Inna. Ko na fara taɓuwa ne?

Mai jiran amsa, daga garin Melo

'Yar'uwa, ba ki taɓu ba, kewa ce. Amma filas biyu ke kaɗai? Ai ko ƙato mai kiwon shanu sai ƙirjinsa ya buga. Rabon mutum biyu kike ɗura wa zuciya ɗaya. Koma filas guda, ki rage ganyen, ki fara sa wani abu a cikinki kafin ki sha. Kafin ruwan ya yi zafi, tsaya gaban buta, ki ja numfashi a hankali ki sauke, hankalinki a kan ƙarar ruwan kaɗai. In bugun bai lafa ba, koma wurin likita.

Ƙoƙon Ademar kuwa, ba zan ce ki miƙa wa kowa ba, naki ne. Wanke shi, ki shanya, ki ajiye inda idonki zai riƙa ganinsa. Sai dai ita ma Nibia mutum ce, wanda ya tsaya cikin ruwa sau uku yana iya yin zuciya. Sayo sabon ƙoƙo da bututu, ki jiƙa ƙoƙon da ganye yadda aka saba yi wa sabo. Kada ki jira a sake yin ruwan sama: ɗauki filas ki je ki ƙwanƙwasa mata da kanki.

In kin sha naki kin cika na biyu, ki miƙa wa hannun da zai iya karɓa. Allah ya jiƙan Ademar, ya sanyaya miki zuciya.

Inna Zulma