Tabon Tawada a Aljihun Rigarka

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san babu motar Ɗambatta da za ta kai maka wannan takarda, ba kuma za ka bi ta da jan biro kana gyara mini ba. Amma na saba, in abu ya faru, kai nake fara gaya wa.

Gida lafiya. Gero bai yi kirki ba bana, taki kuwa sai dai mu ji labarinsa a rediyo. Hadizarmu ta haihu, namiji, an mayar da sunanka, ga shi ba ni da bakin kiransa. Mujallarka ta tsaya. Abokan aikinka sun ja ta iya ƙarfinsu, tsadar takarda ta kayar da su.

Katangarmu ta bakin titi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ruwan ƙarshen damina ya ci gindinta, ta tsage har akuya na leƙowa. Sai ga mutanen wani kamfanin sabulu, wai za su gyara ta da siminti in na yarda su rubuta tallarsu a jiki. Ka san sun daɗe suna haɗiyar yawu a kanta, don duk motar da za ta Kano sai ta gan ta. Kai ne ka hana, ka ce mai auna tallar mutane a jarida ba ya kwana bayan katangar da suka shafa wa fenti. Yayanka Alhaji Ado ya ce in karɓa, tunda mai hanawar ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Mace ita kaɗai, a gidan da ba katanga?

Ka tuna dariyar da aka yi maka a garin nan? Wai ka bar gona ka tafi birni rubutu a kan talla, aikin da yara ke yi da faranti a ka. Ka fara da ɗan shafinka a jaridar wasu, har ka kafa taka mujallar, masu kamfani da masu waƙar talla a rediyo suna jiran abin da za ka ce. Ba ka taɓa yabon tallar abin da ban gwada ba. Duk Juma'a ka sauko daga mota da ƙunshi: ashana, man shafawa, maganin sauro. Ka zauna a kan turmi kana tambayata kamar alƙali. Wani man ya feso mini ƙuraje, ka buga, mai shi ya janye tallarsa daga mujallarka, muka sha miyar kuka ba nama har wata ya mutu.

Don haka na yi yadda ka koya mini. Na ce su bar sabulun in gwada. A takardarsa an rubuta wai yana fitar da kowane irin tabo. Na ɗauko farar rigarka, wadda na roƙa a bar mini ranar rabon gado, mai tabon tawada a bakin aljihu.

Malam, sai da na tsoma ta a ruwa hankalina ya tashi. In ya fita fa? Me na yi ke nan? Duk wanki sai na yi maka mita a kan tabon nan, na ce kai da biro kamar yaro da majina. Abin da ban taɓa gaya maka ba, in zan shanya rigar, da gangan nake juya aljihun ya kalli ƙofa, don matan da suka shigo su san mijina mai alƙalami ne. Na cuɗa tsakani da Allah, don ba ka yarda da gwajin ha'inci, ina cuɗawa ina hawaye.

Bai fita ba. Ko dusashewa bai yi ba.

Da suka dawo na aika musu cewa sabulunsu na kumfa, yana da ƙamshi, amma tallarsu ta yi ƙarya, ba za a rubuta ta a gidanka ba. Mun tare tsagar da dannin kara. Ban sani ba ko zai kai mu wata daminar, ina kuma jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Rigar tana kan igiya yanzu, aljihun yana kallon ƙofa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Mai gwada maka kaya,
Hajara