Malafa Biyu a Kantin Kuwabara

Okayama, 9 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Mitsue,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya Osaka? Nan zafi ya fara sassautawa. Baba da Mama suna gaishe ki.

Yaya, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. In kin karanta ki ƙona takardar. Akwai wanda nake so. Na rubuta hakan na tsaya ina kallon rubutun kamar ba hannuna ya yi ba.

Kuma ke kika jawo. Da kika ce in je kantin Kuwabara in zaɓo wa Baba malafar sanyi da zai sa ranar da iyayen Shinsuke za su kawo kayan baikonki, na ɗauka tsohon zan tarar. Ashe ya tafi jinyar bayansa, ɗansa Naoyuki ne ke tsaron kantin, wanda ya gama makarantarmu bara. Na same shi yana juya wata malafa a kan tururin buta. A littafin da nake karantawa, a daidai irin wannan lokacin ne saurayi ke ɗago kai, ido ya haɗu da ido, duniya ta yi tsit. Shi kuwa ya ɗago ya ce, "Laimarki tana ɗiga a ƙasa."

Ya fito mini da guda biyu masu ruwan toka. Ɗaya Bellandi ce ta Italiya, laushinta kamar kunnen mage. Ɗaya kuma Shirasagi ta Tokyo, ta fi kauri, bakinta a tsaye. Duka gashin zomo ne aka cure, duka da lotsawa a tsakiya da baƙin ƙyalle a zagaye. Na ce wacce ta fi? Ya ce, "Kowacce da kyanta." Na ce bari in je in yi tunani. Tun daga ranar nake tunanin, kullum bayan an tashi makaranta, a kan kujerar da ke kusa da madubinsu.

Don Allah ki ƙara mini lokaci kaɗan.

Ƙanwarki,
Chizuru

Osaka, 13 ga Satumba

Chizuru,

Ki gaishe mini da Baba da Mama. Ke ma na gaishe ki, duk da kin ɓata mini rai. Takardarki ban ƙona ba. Na ajiye, ranar bikinki zan karanta wa jama'a.

Wane irin tunani kuma? Na aike ki sayen malafa kin zarce neman miji. Kin san ran ɗaya ga Oktoba duk wani magidanci zai rataye malafar kaba ya ɗauko ta sanyi, kuma washegari baƙina za su zo. So kike Baba ya tarye su a tashar jirgi da malafar bazara, ko da tsohuwar nan tasa da ta koɗe? Mahaifin Shinsuke a banki yake aiki. Irinsu in sun cire malafa a zaure, ajiye ta suke yadda za a ga sunan kamfanin da ke ciki, kuma suna leƙa ta wasu. Ki sayi Bellandi kawai, a wuce wurin.

Kada Baba ya ji labari. Kin san halinsa, cewa zai yi tsohuwar ba ta mutu ba.

Shi kuma yaron, in dai mai manyan kunnuwan nan ne da ke bin babansa da kwalaye, to littattafan nan sun lalata miki ido.

Yayarki,
Mitsue

Okayama, 18 ga Satumba

Yaya Mitsue,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Kunnuwansa ba su da laifi, askin da aka yi masa ne ya fito da su.

Na bi umarninki. Na shiga kantin na ce Bellandi nake so. Ya ɗauko ta har ya fara goge ta da buroshi, sai ya ce, "Sai dai ba ta son ruwan sama. Shirasagi ta fi juriya." Na ce to bari in sake shawara. Washegari na koma na ce Shirasagin zai ba ni. Ya ce, "Amma fa Bellandi ta fi rashin nauyi, mutum yakan manta tana kansa." Yaya, ki faɗa mini, wane irin mai kanti ne wannan? Duk wadda na miƙa wa hannu sai ya yabi ɗayar.

Abin da ya fi ba ni haushi, ban da malafa ba ya maganar komai. Tun daga gida nake shirya abin da zan faɗa, game da wata, game da ƙarshen damina, in maimaita a hanya. Da na shiga sai in ji bakina yana tambaya ko zomayen Italiya sun fi namu gashi. Shi kuma ya amsa da gaske, har da nuna mini a yatsa. Jiya na yi ƙarfin hali na ce, "Kai wacce za ka zaɓa?" Ya ce, "Ni ba na sa malafa, ƙaiƙayi take sa ni." Na dawo gida na cusa fuska a filo.

Na kuma so in auna kan Baba. Ran Lahadi yana gyangyaɗi bayan cin abincin rana, na lallaɓa da zare. Ban kai ga zagayawa ba Mama ta shigo, ta damƙe mini hannu ta ja ni kicin. "Kan babanki kike taɓawa? Wa ya koya miki?" Sai da na faɗa mata zancen malafar. Ta ce in yi sauri, don matar mai sayar da shinkafa ta riga ta tambaye ta me 'yarta ke nema kullum a kantin kayan maza.

Ga gaskiyar, Yaya. Ranar da na zaɓa, zuwana ya ƙare. Ba ni da wani dalilin taka ƙofar nan kuma, sai dai in Baba ya tsiro kai na biyu.

Ki huta lafiya,
Chizuru

Osaka, 21 ga Satumba

Chizuru,

Ina gaisuwa. A taƙaice zan rubuta don aiki ya yi mini yawa.

In ban ji kin saya ba zuwa ranar Asabar, zan shiga babban kanti a nan in sayi Bellandi in taho da ita. Ke kuma sai ki ci gaba da hira kan zomaye har ki tsufa. Baikona ne, ba littafinki ba.

Mitsue

Okayama, 25 ga Satumba

Yaya Mitsue,

Ina gaishe ki. Kada ki sayi komai, na saya. Kuma ba wadda kika ce ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi faɗa.

Yau na je da niyyar ɗaukar Bellandi ko me zai ce. Ina shiga na tarar tsoho Kuwabara ya dawo, yana zaune a kujerar nan tawa da sanda a tsakanin gwiwoyi. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Ke ba 'yar Horiuchi ba ce, na gidan waya?" Na rusuna na ce ni ce, na zo ɗaukar wa Baba Bellandi.

"Bellandi a kan Horiuchi?" Ya yi dariya har ya dafe baya. "'Yata, wannan a kan ƙirar kan Turawa ake yin ta, dogo kamar ƙwai. Kan babanki kuwa kabewa ce sak. Za ta matse masa gefe da gefe, kafin a gama shan shayi kansa na sarawa. Shirasagi yake sawa tun ba a haife ki ba. Ai wannan sakaran ya sani, bara shi ya gyara masa bakin tsohuwar."

Na ce ai na daɗe ina zuwa, mun kasa tsayar da shawara.

Tsohon ya juya a hankali ya dubi ɗansa. "Kai, me ya sa ka bar 'yar mutane tana sintiri?"

Naoyuki ya ce, "Ban san wa za a saya wa ba."

Ƙarya yake, Yaya. Tun ranar farko na faɗa masa sunan Baba. Kunnuwan nan da kike yi wa ba'a suka yi jawur, ya juya baya yana gyara kwalayen da suke a gyare. Tsohon ya ce, "Uhm." Ya miƙa masa Shirasagi ya ce ya buga sunan Baba da ruwan zinare a fatar ciki, in zo ranar Litinin in karɓa. Ina ƙoƙarin fita ya ƙara da cewa da an gama cinikin sauyin malafa zai tura yaron Tokyo ya koyi aiki a masana'anta, wai ko ya yi hankali.

Na rasa me zan ji. Wani sa'in in ce Naoyuki so yake in riƙa zuwa. Can kuma in ce ƙila dai dariya yake mini a ransa, yarinyar da ta kasa zaɓen hula. A littafi da tuni ya biyo ni da gudu cikin ruwan sama. Na tsaya a bakin kantin mai gyaran agogo ina yi kamar ina duba wani abu, har mai agogon ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Babu wanda ya biyo ni.

Surukinki in ya so ya leƙa cikin malafar ya karanta abin da ya ga dama. Baba dai ba zai yi ciwon kai ranar baikonki ba.

Ƙanwarki,
Chizuru

Okayama, 27 ga Satumba

Zuwa ga Naoyuki,

Ina gaishe ka, ina kuma gaida mahaifinka, da fatan bayan ya yi sauƙi.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma ba ta malafa ba ce. Ka san wacce ta dace da Baba tun ranar farko. Me ya sa ba ka faɗa ba? In don ka yi mini dariya ne, ba sai ka amsa ba. In wani dalili ne daban, ina so in ji shi kafin ka tafi Tokyo, kuma kada ka ce mini kowane dalili da kyansa. Ni nawa dalilin na zuwa kullum, ina jin ka gane shi.

Na so in jefa wannan a akwatin gidan waya, amma Baba ne ke rarraba wasiƙun unguwarku, kuma ya san rubutuna. Don haka gobe in ka miƙo mini kwalin, da hannuna zan ba ka. Kada ka buɗe sai na sha kwana.

Horiuchi Chizuru