Zane Arba'in a Bayan 'Yar Tsana

Punata, 15 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Noemí,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma aikin ɗinkin na São Paulo bai hana ki zuwa coci ba. Mu nan muna lafiya, sai gwiwata.

Ƙarar 'yarki Dalmira na kawo. 'Yar tsanar robar nan da kika saya mata kafin ki tafi, na ɗaga rigarta zan wanke sai na tarar bayanta duk zanen biro. Yarinya mai shekara shida ta san ɓarna ke nan. Na tambaye ta dalili, ta kafe ni da ido irin naki. Na hana ta fita wasa kwana uku. Wanda bai riƙe ƙaramin abu da daraja ba, babba ma ba zai riƙe ba.

Na gwada sabulu, na gwada lemun tsami da man goge haƙori, tawada ta ƙi. Doña Felipa mai kemis ta ce, "Eulalia, za ki kankare fatarki ne a banza. Ungo maganin ƙurajen fuska, ki shafa, ki naɗe da leda, ki shanya a rana." Kwana tara ke nan ina hawa tsani da wannan gwiwar ina kai ta rufin ɗaki. Zanen ya kusa fita. Na gaji, amma sai na ga bayansa.

Mahaifiyarki,
Eulalia

São Paulo, 2 ga Agusta

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Sannu da gwiwa.

Mama, ba ɓarna ba ce, ni na sa ta. Ranar da zan tafi ta riƙe min riga a tasha ta ƙi saki, sai na ba ta birona na ce duk Lahadi ta ja layi ɗaya a bayan 'yar tsanar, idan sun cika arba'in za ta gan ni, daidai bikin tunawa da matattu na farkon Nuwamba, mu shirya wa marigayi Baba teburin abincin da ake ajiye wa mamaci tare. Na ce sirrinmu ne, don na san za ki ce ina shagwaɓa ta.

Amma wataƙila gara da ya goge. Mai shagon da nake wa ɗinki ya ce aiki ya yi yawa, wanda ya tafi kafin sabuwar shekara kada ya dawo. Awa goma sha huɗu nake yi a kan keke, idona har ruwa yake. Ki ce mata rana ce ta cinye zanen, ta soma daga farko. Yarinya ce, ba za ta gane ba.

Ki yafe min. 'Yarki,
Noemí

Punata, 19 ga Agusta

Noemí,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta same ni bayan aiki ya gama. Bayan 'yar tsana ya fita fes, kamar daga kanti.

Da na miƙa wa Dalmira, ta juya ta, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kaka, yanzu Mama ba za ta san ranar ba." Ta ajiye ta a ƙarƙashin gado. Kunun masarar da take so ma sai na yi da gaske take sha.

Kin ce ba za ta gane ba. Ta gane.

Jiya bayan coci na ɗauko kalanda da tabarau na ƙirga tun daga Fabrairu. Na ce mata na yi kuskure, kalmar da ke ba ki taɓa ji daga bakina ba. Na mayar da layukan da hannuna, tana tsaye tana duba ni kada in tsallake. Layin jiya kuwa ita ta ja.

Ashirin da tara ne. Saura goma sha ɗaya. Ban taɓa yi miki ƙarya ba, ba zan fara a kan jikata ba. Kekunan ɗinki akwai su a Cochabamba, nan kusa da gida.

Allah ya kiyaye hanya.

Mahaifiyarki,
Eulalia